Haɗin kayan ƙamshin Indiya ya wuce garin kori na gwangwani

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna neman aron fili mu yi magana a kan haɗa kayan ƙamshin Indiya a gida, domin sana'armu ce, kuma muna ganin ana koyar da shi a karkace. Girkin Indiya ya shigo gidajenmu da ƙarfinsa. Amarya tana son ta iya biriyani, masu abincin biki suna tallar kazar tanduri, shayin masala ya zama na tarbar baƙi. Amma da yawa daga masu koyarwa abin da suke cewa shi ne a zuba kori da tayim da dunƙule, a ɗiga kala, an gama masala. Sai mace ta kashe kuɗin nama da shinkafar basmati, abinci ya fito da ɗanɗanon jalof mai rawaya, ta zauna tana zargin hannunta. Hannunta lafiya lau yake. Wadda ta iya daka yajin jego, ta san busasshiyar citta da wadda ta sha damina, ta san in kimba ta yi yawa miya ta ɓaci, ta riga ta samu rabin wannan ilimi. Abin da ya rage mata shi ne ta san kayan da sunayensu, ta san awo, ta san wuta, ta kuma san lokacin da kowane haɗi yake shiga tukunya.

Kalmar masala a bakin mutanen Indiya haɗin kayan yaji take nufi. Yadda yajin tsire ya bambanta da yajin jego da na daddawa, haka nasu ya bambanta daga jiha zuwa jiha, har daga gida zuwa gida. Garam masala na arewacin ƙasar ne, wajen Punjab da Delhi da Lucknow. Sambar podi na kudu ne, ƙasar Tamil. Panch phoron na Bengal ne. Garin korin gwangwani kuwa, wanda muka taso muka tarar a kowane kicin, 'yan kasuwa ne suka tsara shi saboda Turawan Ingila da suka zauna a Indiya suka koma gida da kwaɗayin miyar can, kuma tun ƙarshen ƙarni na 18 ake sayar da shi a Landan. Yana da nasa amfanin, za mu ma kawo yadda ake haɗa mai kyau, sai dai ba ya tsayawa a madadin sauran.

Matsala ta farko tana wurin saye, domin kama da wane ba ta wane. Masoron da muka sani, mai 'yar wutsiya a gindinsa, ɗan Afirka ta Yamma ne, yana da ɗaci-ɗaci da ƙamshin da ya dace da farfesu. Wanda Indiyawa suke nufi shi ne baƙin masoro mai yamutsattsiyar fata, marar wutsiya, irin wanda ake nomawa a jihar Kerala. In aka sa namu da awon nasu, ɗacin yakan danne komai. Wadda ba ta samu ba sai namu, ta sa rabin awo. Haka gyaɗar miya tamu, wadda ake gasawa a fasa ɓawonta, daban take da gyaɗar ƙamshi, wannan ƙwallon mai zane-zane a ciki da ake gogawa a cincin. Ta biyun ake nufi a duk inda muka ambace ta. Kamun siriri ne, ruwan ƙasa, da layuka a jikinsa, warinsa mai nauyi. Shamar ya fi shi girma, kore-kore ne, in an tauna ana jin zaƙi. Masu shago sukan miƙo wannan a madadin wancan ba da gangan ba, don haka a tauna ƙwara ɗaya kafin a biya. Habbatus sauda ita ce Indiyawa suke kira kalonji, kuma ko an rubuta baƙin kamun a jikin leda, ba ta yin aikin kamun. Hel iri biyu ne: koren, ƙarami mai ƙamshin turare, wanda 'yan Sudan ke kira habbahan, da baƙin, babba mai gashi-gashi, wanda ake busarwa a kan hayaƙi a Sikkim da Nepal, shi ya sa yake warin itacen wuta. Citta mai 'ya'ya danginsu ce, amma ta fi su zafi, ba ta kuma da wannan ƙamshi.

Ganye ma akwai ruɗani a cikinsa. Wanda ake sa wa garam masala sunansa tej patta, dogo ne mai jijiya 3 a tsaye, ƙamshinsa na girfa ne domin itatuwansu 'yan gida ɗaya ne. Wanda muke jefa wa jalof, da 'yan kasuwa ke kira belif, jijiya ɗaya gare shi a tsakiya. In babu tej patta gara a bar gurbinsa a ƙara ɗan guntun girfa. Ganyen kori na Indiya kuma na bishiya ne, jere a kan sili kamar ganyen darbejiya, har a can ana yi masa laƙabi da darbejiya mai zaƙi. Wanda ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan ganyen kori ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne. Yana da daɗi a miya, amma ba zai ba da ɗanɗanon kudancin Indiya ba. Kada kuma kamar ta ruɗi wani ya tsinko darbejiya ta gaske. Sai baƙin gishiri, kala namak, wanda in an daka shi yake komawa ruwan hoda, yana warin dafaffen ƙwai saboda ƙibiritun da ke cikinsa. Ba kanwa ba ne, ba manda ba ne, kuma kanwa a wurinsa ɓata abinci take yi.

Inda muke da sa'a shi ne citta da barkono. Busasshiyar cittar kudancin Kaduna, ta Kachia da ƙasar Jaba, tana da ƙarfin da ba sai an nemi ta waje ba. Barkonon Kashmir da na Byadgi da Indiyawa ke so saboda jan launi da sassaucin zafi, ana samun kwatankwacinsa in aka haɗa busasshen tattasai kashi 3 da ƙananan barkono kashi 1. Da wannan ba a buƙatar kala ko ɗigo.

Komai a saye shi da ƙwayarsa. Gari yana ɓoye algus, ƙwaya kuwa ido yana ganinta. Kanumfari mai kyau in aka danna shi da farce yana tsattsafo da mai, in aka jefa shi a ruwa yana nutsewa ko ya tsaya a tsaye. Wanda aka riga aka tatse mansa yana kwanciya a saman ruwa. Baƙin masoro ana cakuɗa shi da busassun 'ya'yan gwanda, su ma ruwa yana tona su, domin masoro ya nutse su kuma su taso. Hel ya zama kore, bakinsa a rufe, 'ya'yan cikinsa baƙaƙe masu ɗan danƙo. Wanda ya koɗe ya yi fari, 'ya'yansa suka yi toka-toka, ya tsufa. Kusbara, 'yar ƙwayar nan mai zagaye da ake kira koriyanda, a murje ta a tafin hannu, in gari yana zubowa daga 'yan ramuka, ƙwari sun riga mu. Kurkum shi ne ya fi buƙatar lura. An sha gano cewa ana shafa masa wani sinadarin rawaya mai ɗauke da dalma a Bangladesh da wasu sassan Indiya domin ya yi ƙyalli, kuma mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. A guji saiwar da ta yi rawaya fau tana barin hoda a yatsa, a zaɓi wadda bayanta ya dushe, in an karya ta cikinta ruwan lemo mai duhu. Mafi aminci shi ne a sayi ɗanyen kurkum na gida, a wanke, a tafasa kamar minti 45 har ya yi laushi, a yayyanka, a shanya har ya riƙa karyewa ƙas. Na leda masu suna ma ba su tsira daga magana ba: a watan Afrilun 2024 hukumomin Hong Kong da Singapore sun janye wasu haɗe-haɗen manyan kamfanonin Indiya daga kasuwa saboda sinadarin feshin da ya wuce ƙima. Araha dai ba ta ado.

In kaya sun zo gida, a baza kowanne a faranti a tsince tsakuwa da itace, a fece ƙura. Ba a wanke su sai dole, in kuwa an wanke to sai sun yi kwana 2 ko 3 a rana, domin laima kaɗan ta isa ta kawo fumfuna.

Awon da za mu yi amfani da shi: babban cokali shi ne mai cin mililita 15, ƙaramin cokali mai cin 5, kuma a shafe bakinsa, kada a tula.

Garam masala irin na Punjab, wanda zai ishi gida wata 2: kusbara babban cokali 4, kamun babban cokali 2, baƙin masoro babban cokali 1, koren hel ƙwara 20, baƙin hel 3, kanumfari ƙaramin cokali 1, girfa sanda 2 kowace tsawon ɗan yatsa, tej patta 3, da rubu'in gyaɗar ƙamshi ɗaya. Wadda ta samu jawitri, wato jar ragar nan da ke lulluɓe da ƙwallon gyaɗar ƙamshi, ta ƙara ɓari 2. Waɗanda suke kauce wa gyaɗar ƙamshi saboda saɓanin malamai a kanta su bar ta, haɗin ba zai rushe ba. Masu sa ta kuma kada su wuce wannan awo, domin yawanta yana jirkita mutum. A lura babu kurkum a ciki, babu barkono, babu gishiri. Garam masala ruwan ƙasa ne mai duhu, in kika ga ya yi rawaya to wani abu aka haɗa.

Yanzu sai suya, kuma a nan mafi yawan haɗi yake mutuwa. Suya ce ta babu mai, irin ta riɗi, a kasko mai kauri, a kan wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa ba ɗaga hannu. Manufarta biyu: ta kori sauran laima domin kayan su daku, ta kuma tayar da man da ke cikin ƙwayar. Kowane iri da nasa lokacin, shi ya sa ba a zuba su gaba ɗaya. Kusbara tana ɗaukar kamar minti 3, za a ga ta ɗan yi ja, ƙamshinta ya juya daga na ɗanyen ganye zuwa na ɓawon lemo. Kamun minti 1 zuwa 2 ne. Da ya ɗan ƙara duhu, ya fara 'yar ƙara, a juye. In aka ga hayaƙi yana tashi daga kamun an riga an makara, kuma ƙonannen kamun ba shi da magani sai zubarwa, domin cokali ɗaya yana ɗaɗɗata kwalba guda. Masoro da kanumfari da hel da girfar da aka kakkarya za su iya shiga tare, minti 2, har kanumfari ya kumbura hel ya ɗan buɗe baki. Ganye daƙiƙa 30 ya ishe shi. Gyaɗar ƙamshi ba a soya ta, gogawa ake yi a ƙarshe. Duk wanda aka sauke a juye shi nan take a faranti mai faɗi, domin kaskon yana ci gaba da suya ko an kashe wuta. Masu ƙara wuta don su gama da wuri su tuna sauri ya haifi nawa: bayan ƙwayar zai ƙone, cikinta yana ɗanye, a samu ɗaci da gafi a lokaci ɗaya.

Akwai gidaje a Indiya da ba sa soya kayan garam masala sam, rana suke ba su. Mu da Allah ya hore mana ranar Maris da Afrilu, wannan hanya ta fi mana sauƙi, kuma a ganinmu ta fi kiyaye ƙamshin hel. A baza a tire, a rufe da siririn mayafi saboda ƙura da tsuntsaye, kwana 2 zuwa 3, ana shigarwa ɗaki kafin magariba. Da damina kuwa kasko ya zama dole.

Ba a niƙa kaya da ɗuminsu. A bar su aƙalla minti 30 su huce sarai. In aka niƙa da zafi, tururi da mai suna haɗuwa garin ya dunƙule ya manne a jikin murfi, bayan mako 2 kuma a ji yana warin rima. Girfa da saiwar kurkum da busasshiyar citta a fara farfasa su a turmi, in ba haka ba suna karya haƙoran blenda. Blendar ta zama ƙaramin kofin nan na busassun kaya, a kunna daƙiƙa 15, a kashe, a girgiza, a jira, a sake. In an bar ta tana gudu kofin ya yi zafi, ƙamshin da ya cika kicin ɗin nan shi ne wanda ya kamata ya zauna a kwalba. Man kanumfari yana cin roba, yana sa kofi ya dushe ya yi kaushi, don haka kada a niƙa shi shi kaɗai, a haɗa shi da kusbara. Bayan niƙa a tankaɗe da rariya mai laushi, a mayar da tsakin a sake. Ɓawon hel da na kusbara za su bar ɗan zare-zare a rariya, wannan a ajiye shi a jefa a ruwan dafa nama. Mai daka a turmi ta ware masa nasa, domin turmin da ya sha daddawa ko yajin ƙuli ba ya sakin warinsu. Injin niƙa na unguwa kuwa ba ma ba da shawararsa ga ƙaramin awo: yana zafi, yana cinye kashi mai yawa a cikinsa, ya kuma fito miki da ragowar barkono ko masarar wanda ya riga ki. In an gama, ɗanyar shinkafa cikin hannu ɗaya a niƙa a blendar, tana kwashe mai da wari.

Garam masala a ƙarshen girki yake shiga. Ga miyar nama kilo 1, rabin ƙaramin cokali zuwa cikakke, minti 2 kafin a sauke, a rufe tukunya. In aka zuba shi tun farko ya sha tafasa awa guda, hel da girfa sun gudu, kanumfari da masoro kaɗai za su rage, miya ta riƙa ɗanɗanon magani. In harshe ya yi nauyi kamar an shafa maganin haƙori, kanumfari ne ya yi yawa. A gyara kwalbar da ƙarin kusbara da aka soya. Inda yake shiga da wuri shi ne jiƙon nama. Kazar tanduri kilo 1 tana son kindirmo mai kauri kofi 1 da aka tsane ruwansa a ƙyalle, garin tattasai da barkono babban cokali 1, garam masala ƙaramin cokali 1, garin kamun ƙaramin cokali 1, dakakkiyar citta da tafarnuwa babban cokali ɗai-ɗai, ruwan lemon tsami ɗaya da gishiri, a tsattsaga naman, a bar shi a sanyi awa 6 ko ya kwana. Biriyani ma haka ake jiƙa namansa, ruwan dafa shinkafar kuma ƙwayoyi ake jefa masa: hel 4, kanumfari 4, girfa 1, ganye 1.

Garin kori irin na Madras akasin haka yake. A soya kusbara babban cokali 4, kamun babban cokali 2, baƙin masoro ƙaramin cokali 2, ƙwayar mastad, wadda masu kantin magungunan Musulunci ke kira khardal, ƙaramin cokali 1, hulba ƙaramin cokali 1, dogayen busassun barkono 5 da aka cire musu kai, da ganyen kori na Indiya cikin hannu in akwai. Bayan an niƙa a zuba garin kurkum babban cokali 1 da garin citta ƙaramin cokali 1, waɗanda ba a soyawa domin gari yana ƙonewa cikin ƙiftawar ido. Hulba ita ce abar tsoro a nan: daƙiƙa 30 zuwa 40, da ta tashi daga rawaya zuwa ruwan zuma a sauke, in ta kai ja mai duhu ta zama maɗaci. Barkono kuma a buɗe taga, in ya yi baƙi a cire shi. Wannan gari sai ya ga mai. A soya albasa ta yi ja, a rage wuta, a zuba babban cokali 1 zuwa 2 ga nama kilo 1, a juya kamar minti 1, in ya fara kamu a yayyafa ruwa cokali 2, sannan tumatir ya biyo, a bari har mai ya taso gefe. Masu barbaɗa shi a kan ruwan miya su ne suke jin ɗanɗanon ƙasa da gafin kurkum, domin launinsa da ƙamshinsa a mai suke narkewa.

Panch phoron shi ne mafi sauƙi, kuma kusan duk kayansa suna shagon da muke sayen habbatus sauda. Ma'anarsa ƙamshi biyar: kamun, shamar, habbatus sauda, mastad da hulba, awo ɗaya-ɗaya, sai dai mu muna ganin a rage hulba zuwa rabi. A Bengal wasu suna sa wata ƙwaya da suke kira radhuni a gurbin mastad. Ba a soya shi, ba a niƙa shi, cakuɗawa kawai ake yi a zuba a kwalba, a riƙa girgizawa kafin a ɗiba saboda ƙananan suna gangarawa ƙasa. Aikinsa a mai mai zafi ne, abin da Indiyawa ke kira tadka. A ɗora mai babban cokali 2, ko soyayyen man shanu, wanda shi ne ghee ɗinsu, a gwada da ƙwaya ɗaya. In ta yi cuu nan take, a zuba ƙaramin cokali 1. Cikin daƙiƙa 20 zuwa 30 mastad zai fara tsalle yana fashewa, a nan ake zuba dankali ko kabewa ko kabeji, wanda dole ya kasance a yanke a gefen hannu tun kafin a ɗora mai. In man bai yi zafi ba ƙwayoyin suna jiƙa su yi gafi, in ya kai ga hayaƙi hulba ta ƙone kafin a juya.

Sambar ya kamata ya yi farin jini a wurinmu fiye da yadda yake, domin miya ce ta wake da tsamiya da kuɓewa da kabewa da yalo, har da 'ya'yan zogale ɗanyu, dogayen nan da muke bari su bushe a bishiya, su kuwa Tamilawa suna yanka su tsawon yatsa su dafa su tsotse cikinsu. Garinsa: kusbara babban cokali 8, dogayen busassun barkono 12, toor dal babban cokali 2, chana dal babban cokali 2, hulba ƙaramin cokali 2, masoro da kamun ƙaramin cokali ɗai-ɗai, kurkum ƙaramin cokali 2, da hing rabin ƙaramin cokali. Toor dal shi ne waken Turawa da aka ɓare aka raba biyu, wanda ake kira fiyo-fiyo a kudancin Najeriya. Chana dal kuma waken da Larabawa ke kira hummus ne da aka yi wa haka, in babu shi a ninka na farkon. Waken nan a soya shi minti 4 zuwa 5 har ya yi ruwan zinare, domin shi ke ba miyar kauri da ƙamshin soyayyar gyaɗa, in kuwa bai soyu ba miyar tana ƙarnin ɗanyen wake. Hing, da Larabawa ke kira haltit, ƙaro ne mai tsananin wari da ake kawowa mafi yawa daga Afghanistan da Iran, wanda ake sayarwa a 'yar roba an riga an gauraya shi da garin alkama ko na shinkafa. A rufe shi ruf, in ba haka ba duk kabad ɗin ya ɗauka. Wajen girki, waken Turawa kofi 1 a dafa ya narke, tsamiya kamar girman lemon tsami a jiƙa a tace, a dafa kayan lambun a ruwanta da garin babban cokali 2 na minti 10, a haɗa da waken, a rufe da tadka na mastad da barkono.

Chaat masala na barbaɗawa ne, ba ya ganin wuta, kuma Musulmin Indiya da Pakistan suna zuba shi a kan yankakkun 'ya'yan itace lokacin buɗa baki. Soyayyen kamun babban cokali 2, soyayyar kusbara 1, amchur 2, baƙin gishiri 1, masoro ƙaramin cokali 1, citta rabi, busasshiyar na'a-na'a ƙaramin cokali 1, hing ɗan tsunkule. Amchur garin ɗanyen mangwaro ne, kuma babu dalilin sayo shi daga waje. A samu mangwaro tun yana kore shar, ƙwallonsa bai yi ƙarfi ba, a fere, a yanka fale-fale, a shanya a tire kwana 4 zuwa 6 har ya riƙa karyewa, a daka a tankaɗe. Wanda ya fara nuna yana da sukari, lanƙwasa yake yi ba ya dakuwa. A gwada shi a kan kankana, gwanda, kokwamba ko soyayyen dankali. Saboda gishirin da ke ciki yana jan laima, a yi shi kaɗan-kaɗan.

Na shayi kuwa garin citta babban cokali 4, koren hel 2, girfa 1, masoro 1, kanumfari ƙaramin cokali 1, babu suya. Rubu'in ƙaramin cokali ga kofi ɗaya, a tafasa da ruwa da ganyen shayi kafin madara. Mai son ƙara ɗanyar citta ta bari ta tafasa a ruwa tukuna, domin in ta haɗu da madarar ruwa ba ta dahu ba tana tsinka ta.

Ajiya a kwalba ce mai murfin da ke kamawa, busasshiya ƙayau, a cikin kabad nesa da murhu da hasken taga. Kantar da ke saman risho ita ce wuri mafi muni a kicin, ita ce kuma wadda kowa yake jera kayan ƙamshi a kai. Kada a kaɗa kwalba a kan tukunya mai tururi, a ɗiba da busasshen cokali. Kada a haɗa dunƙule ko gishiri a garam masala ko kori, suna jan ruwa garin ya daskare. Firji a inda wuta take zuwa tana ɗaukewa cuta ne, domin duk sanyi da ɗumi kwalbar tana yin gumi ta ciki. Gari yana riƙe ƙarfinsa wata 2 zuwa 3, da damina ma bai kai haka ba, ƙwaya kuwa tana shekara ko fiye, don haka a rubuta ranar niƙa a jikin murfi. Busasshen barkono ko gyaɗar ƙamshi da aka ga fari-fari ko kore-kore a cikinsu a zubar, suya ba ta kashe gubar fumfuna. In ana shakkar tsohon gari, a zuba kaɗan a tafin hannu a murza da babban yatsa a shaƙa. In ƙamshi ya taso ana iya ƙara awo a ci gaba da amfani da shi, in kuwa warin ƙura da katako kawai aka ji, sai a wanke kwalbar, a shanya ta kwana ɗaya a rana, a ɗora kasko.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu sana'ar haɗa kayan ƙamshi,
Kano.